Wanda Ya Gaza a Kan Hanya

Kutama gari ne a ƙasar Gwarzo, yamma da birnin Kano, ba nisa da iyakar ƙasar Katsina. Wanda ya fito birni ta Ƙofar Kabuga ya miƙi hanya yamma, zai ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo kafin ya isa Gwarzo, tafiyar mil 45 ko kusa da haka. Yau mota takan cinye wannan tafiya tun hantsi bai yi ba, amma a zamanin da tafiyar kwana biyu ce ko uku ga mai kaya a ka. Daga nan in aka ci gaba yamma, sai ƙasa ta soma sake kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki su ragu, tuddai da fako da duwatsu su yawaita, ta wajen Dayi da Malumfashi da Ƙanƙara, har a kai ga manyan duwatsun Tsafe da Kwatarkwashi a ƙasar Zamfara.

Mutanen wannan yanki sun san tafiyar ƙasa tun kaka da kakanni. Da fatake, da almajirai, da masu cin rani, da mahajjatan da suka yi shekaru a kan hanyar gabas, duk da ƙafa suka yi ta. Kowace doguwar tafiya kuwa tana da wata rana guda wadda ta fi sauran tsanani, ranar da ruwa ya ƙare, rana ta ƙwalle, hawa ya ƙi ƙarewa. A irin wannan rana ce wata tambaya takan taso wadda ba ta da sauƙin amsa: in mutum guda ya gaza a tsakiyar daji, ya kasa ɗaga ƙafa, shin ayari ya tsaya dominsa ne, ko kuwa ya wuce don kada a yi hasarar kowa?

Yadda ake tsara ayari

Tafiyar da ta fi shahara ga fataken ƙasar Kano ita ce ta Gwanja, wurin sayen goro. Babbar kasuwar goron tana Salaga ne, cikin ƙasar da ake kira Gana yanzu. Daga Kano zuwa can ya fi mil 600 ko da a miƙe ne, hanya kuwa ba ta miƙe ba. Sai an ƙetare Kwara, an ratsa ƙasar Bargu, an bi ta Sansanin Mango da Yandi. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu ko uku. Akan tashi bayan kaka, sa'ad da rafuka suka janye, da niyyar a komo kafin damina ta kankama. Akan tafi da baƙaƙen tufafi na rini, da kanwa, da kayan fata, a komo da goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci. Ya ci gaba har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya raunana kasuwar, sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko.

Ayari guda yakan kai mutum dubu ko fiye, da jakuna da takarkarai da 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka. Jagaba shi ne a gaba, shi ya san hanya da rijiyoyi da mashigai. Uban dawaki shi ke tara kuɗin da za a biya sarakunan hanya da masu fito. Madugu kuwa, wanda ake wa kirari da uban tafiya, bisa al'ada a baya yake tafiya. Wannan tsari ba a banza aka yi shi ba. A baya ne jakin da ya gurgunce yake, a nan ne tsoho da majinyaci da mai jego suke jan ƙafa, nan ne kuma mahara suka fi kai wa hari. Mutanen da suka sa shugabansu a baya sun riga sun faɗi ra'ayinsu a kan abin da shugabanci yake nufi tun kafin a tambaye su.

Rana mai tsanani

A ƙaddara wani ayari ne ya juyo daga Gwanja, cikinsa da mutanen Kutama da na ƙauyukan Gwarzo da Kabo. Sun wuce dutsen Kwatarkwashi, saura kwana biyar ko shida su ga ganuwar garinsu. Bazara ce, ƙasa ta ɗauki zafi tun da sassafe. An tashi zango da assalatu, kowa ya cika salka da gora. Hanyar yini ɗin nan hawa ce da gangara. A hau tudu mai tsakuwa, a sauka kwari, a sake hawa. Ba itacen kirki, sai sabara da geza da kalgo waɗanda inuwarsu ba ta isa akuya ba. In an kai kan tudu ana tsammanin an gama, sai a hangi wani a gaba. Tsakuwa tana zame wa jakuna, mangala tana karkacewa, a tsaya a gyara, a ci gaba.

Da hantsi ya yi sosai aka iso rafin da jagaba ya ce za a yi loko a sha ruwa. Aka tarar ya ƙafe. Aka tona yashi har iya gwiwa, ba ko danshi. Ruwa na gaba yana wata rijiya, tafiyar mil takwas, tsakani kuwa daji ne da aka san mahara suna kewaya. Jagaba ya ce in an matsa ana iya kai wa kafin magariba. Kowa ya ɗaga gorarsa ya girgiza don ya ji abin da ya rage.

Wajen azahar wani saurayi ɗan alaro ya jingine kayansa a gindin dutse, ya zauna, bai sake tashi ba. Aka kwance tsumman da ya ɗaure ƙafa da shi, sai ga ƙafa ta kumbura har ƙauri. Ashe ƙaya ce ta soke shi kwana huɗu da suka wuce, ta karye a ciki, ya ɓoye. Ga zazzaɓi ya rufe shi, leɓɓansa sun bushe. Madugu ya iso, ya sauka daga doki, ya tsuguna.

Ya ce, "Samari, me ya hana ka faɗa tun a zango?"

Saurayi ya ce, "Baba, kunya na ji. Tafiyata ta fari ke nan, kada a ce na kasa."

Uban gidansa, mai goron da yake ɗauke da shi, ya matso ya ce wa madugu, "Ranka ya daɗe, rana tana yi. In muka tsaya nan, dare zai same mu a daji ba ruwa. A bar masa gora guda, in mun kai rijiya a aiko."

Kowa ya san abin da wannan magana take nufi. Wanda aka bari shi kaɗai a fako da gora guda, da zazzaɓi a jika, ga kuraye da dare, da wuya a komo a same shi.

Hujjar masu cewa a wuce

Bai kamata a yi gaggawar zagin mutumin da ya ce a wuce ba, gama maganarsa tana da ƙarfi. Ayarin nan ba na mutum guda ba ne. Akwai mata a ciki, akwai yara, akwai wasu da ƙarfinsu ya kusa ƙarewa su ma. Kowace sa'a da aka ɓata a rana, ruwan kowa raguwa yake yi. In aka tsaya saboda mutum ɗaya har biyar suka faɗi, wa zai ɗauki alhakin biyar ɗin? Madugu amanar dubu ce a wuyansa, kuma tausayin da zai halaka jama'a ba a kiransa alheri.

Akwai kuma wuraren da tsayawa ba ta yiwuwa sam. Dajin Gundumi, a kan hanyar Katsina zuwa Sakkwato, ya yi suna a kan haka. Ba gari, ruwa ya yi wuya, ga tsoron mayaƙan Gobirawa. Dokta Bart, Bajamushen nan mai yawon duniya wanda aka sani da Abdulkarimu, ya ratsa shi a 1853 tare da ayari, suka yi sa'a 26 suna tafiya ba zango. A irin wannan wuri wanda ya ce a dakata, kamar ya ce a miƙa wuya ga mahara ne. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa saurayin nan shi ya jawo wa kansa, tun da ya ɓoye ciwonsa, don me wasu za su biya bashin da ba su ci ba?

Hujjar masu cewa a tsaya

Masu ɗaya ra'ayin sukan soma da tambayar dalilin da ya sa ake yin ayari tun farko. Ƙaƙƙarfan namiji mai doki zai fi sauri in shi kaɗai ne. Abin da ya sa ya haɗa kai da wasu, ya yarda ya bi takun jaki, shi ne ya san akwai ranar da zai bukace su. Kowane mai shiga ayari ya shiga ne a kan wani alkawari wanda ba a furta shi da baki: in na faɗi za ku ɗaga ni, in kun faɗi zan ɗaga ku. Ran da aka bar mutum guda a gindin dutse, dukan waɗanda suka wuce ta gabansa sun ga yadda za a yi da su. Daga ranar nan kowa zai riƙa ɓoye gorarsa, mai ciwo ya ƙara ɓoye ciwonsa, in mahara sun fito kowa ya yi ta kansa. Ayarin da ya ceci ruwansa ta wannan hanya ya zubar da abin da ya sa ya zama ayari.

Addini ma ya yi magana a kan wannan. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tsaya baya in ana tafiya, yana ƙarfafa mai rauni, ya goya shi a kan abin hawansa, ya yi masa addu'a. Ya kuma yi umurni a cikin tafiya cewa mai rarar abin hawa ya ba wanda ba shi da shi, mai rarar guzuri ya ba wanda nasa ya ƙare. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, cikin tsananin zafi da ƙarancin guzuri, mutane da dama suka riƙa karɓa-karɓa a kan raƙumi guda. Malaman mazhabar Malikiyya sun gina hukunci a kan irin wannan. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, an bayyana cewa wanda yake da rarar abinci ko ruwa, ya hana wanda ya matsu har ya halaka, shari'a tana kama shi da alhakin abin da ya auku. Watau kame hannu ma aiki ne da ake tambayar mutum a kansa.

Abin da ya kamata a fara aunawa

In aka dubi hujjojin nan biyu, sai a ga kamar an kai maƙura, rai guda a wannan hannu, rayuka da yawa a wancan. Amma fa a koma gindin dutsen nan a duba da kyau. Jakuna nawa ne a cikin ayarin? Ɗaruruwa. Me suke ɗauke da shi? Goro. Ashe tambayar da ke gaban madugu ba ta kai ga auna rai da rai ba tukuna. Abin da ke gabansa shi ne, kayan wa za a sauke don saurayin nan ya hau jaki?

A nan ne gaskiyar al'amari take ɓuya. Goro kaya ne mai laulayi. Sai an naɗe shi da ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana kwancewa ana tsince wanda ya ɓaci. Jinkirin kwana guda a bazara hasara ce, wanda kuma ya riga shiga kasuwa shi ke sayarwa da tsada. Mutumin da ya yi wata shida ko fiye yana wahala, ya ci bashi ya yi jari, ga gida ya matso, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya zubar da kayan jaki guda a daji. Saboda haka zuciya takan yi masa wayo. Ba za ta ce masa, "Goronka ya fi ran yaron nan" ba, don ta san zai ji kunya. Sai ta ce masa, "Kai dai jama'a kake tausayi." Sau da yawa in mutum ya ce za a halaka gaba ɗaya, abin da yake nufi a ransa shi ne za a yi hasara.

To, ga ma'aunin da za a gane mai gaskiya da shi. Duk wanda ya ce a bar wani don ceton jama'a, a tambaye shi abin da shi ya ajiye. In ya sauke kayansa, ya sauka daga dokinsa, ya ba da rarar ruwansa, duk da haka abin ya faskara, a saurare shi. In kuwa har yanzu yana bisa sirdi, jakunansa suna nishi da kaya, maganarsa ba ta cancanci a auna ta ba. Ba a kai ga auna rai da rai sai an gama auna rai da dukiya.

Madugun kirki a irin wannan rana ba ya tsayar da ayari duka a rana, ba ya kuwa barin yaron. Yakan ce jagaba ya ci gaba da mata da yara da dabbobi zuwa rijiya. A sauke kayan jaki guda, a rarraba abin da zai rarrabu a kan sauran, abin da ya ƙi rarrabuwa a bar shi. A ɗora majinyaci, a sa ƙarfafa huɗu ko biyar masu makami su taho da shi sannu, shi madugu yana tare da su. Hasarar kayan da aka bari kuwa a raba ta a kan attajiran ayari, kada ta faɗa kan mutum guda, domin in aka san mai jakin ne kaɗai zai yi hasara, gobe ba wanda zai ba da jakinsa. Wannan dabara ba ta bukatar wani ilimi mai zurfi. Abin da take bukata shi ne a yarda a yi hasarar wani abu.

Ba dukiya kaɗai ke rufe wa matafiyi ido ba, har da son suna. A ƙasashen Turai akwai masu tafiya mai wuya don neman ɗaukaka, labarinsu kuwa yana da amfani a nan. A watan Janairu na 1909 wani Bature mai suna Shakilton, shi da abokansa uku, suna neman su zama na farko da suka taka ƙarshen duniya na kudu, ƙasar da ba kome sai ƙanƙara. Saura kimanin mil 112 su kai, ya lissafa abincinsu, ya ga in sun ci gaba ba za su komo da rai ba. Ya juya. Bai sami sunan da ya fita nema ba, amma su huɗun duka sun koma gida. A watan Mayu na 2006 kuma, a kan Ebarest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, wani ɗan Ingila ya gaza kusa da ƙololuwa. Mutum 30 ko 40 suka wuce ta inda yake. Kaɗan daga cikinsu sun gwada taimakonsa, amma a nan ya mutu. Bayan 'yan kwanaki wasu mahaya suka tarar da wani mutumin Ostareliya a kan dutsen nan, wanda aka riga aka ɗauka ya mutu. Suka fasa hawan da suka kashe kuɗi mai yawa dominsa, suka zauna tare da shi har taimako ya zo, ya rayu. Halin mutanen biyu bai zama ɗaya ta kowace fuska ba, amma na biyun ya sami waɗanda suka yarda su ajiye abin da suka fito nema.

In abin ya faskara da gaske

Duk da haka ba daidai ba ne a ce kullum akwai mafita. Wata rana ba jaki, ba doki, mahara suna bin sawu, majinyaci kuwa ko an ɗora shi ba zai iya zama ba. In an kai nan, bayan an zubar da duk abin da za a zubar, madugu yana da iko ya tafi da jama'a, ba kuwa za a kira shi azzalumi ba. Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma ko a nan akwai haƙƙoƙin da ba su faɗuwa. A kai mutumin inuwa ko maɓoya. A bar masa ruwa gwargwadon abin da za a iya. A gaya masa gaskiya, kada a sulale a bar shi yana barci. In akwai wanda ya yarda da ransa ya zauna da shi, kada a hana shi, kada kuma a tilasta wa kowa. In an kai ga ruwa a komo da gaske, ko don a yi masa sutura. In an isa gida a je a gaya wa iyayensa yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Madugun da ya yi haka zai daɗe yana jin nauyin ranar nan a zuciyarsa, haka kuwa ya kamata. Wanda ya bar mutum a daji ya kwana da daɗi, bai cancanci a sake bin sa ba.

Haƙƙin da ke kan mai rauni

Saura maganar laifin saurayin. Gaskiya ne ya yi laifi. Da ya faɗa tun ran da ƙaya ta soke shi, da wanzami ya cire ta a zango, an rage masa kaya kwana biyu, magana ta ƙare. Kunyarsa ce ta mai da ƙaramin abu babba, ta jefa mutum dubu cikin hatsari. Mutane suna yabon jimiri, suna kuwa da gaskiya, amma jimiri daban, ɓoye ciwo daban. Addini da kansa bai nemi matafiyi ya nuna ƙarfin da ba shi da shi ba. An sauƙaƙa masa ya yi ƙasaru in tafiya ta kai mil 48, ya ajiye azumi ya rama daga baya, ya yi taimama in ruwa ya yi wuya. Wanda Mahaliccinsa ya yi masa rangwame, don me zai ji kunyar neman rangwame wurin 'yan'uwansa?

Wani labarin ƙasar ƙanƙara ya nuna haka. A 1912 Kyaftin Sikot na Ingila da mutanensa huɗu suka kai ƙarshen duniya na kudu, suka tarar mutanen Norwe sun riga su. A kan hanyar komowa ɗaya ya rasu. Wani kuma, hafsan soja ne, sanyi ya cinye masa ƙafafu, bai bayyana ba sai da abin ya yi nisa. Da ya ga yana jinkirta abokansa, sai ya fita daga tanti cikin guguwa, bai komo ba. Turawa suna yabon wannan sadaukarwa har yau. Amma ba ta ceci sauran ukun ba, suka mutu saura mil 11 su kai inda aka ajiye musu abinci. Jaruntakar da ta zo a makare ba ta yi amfanin da gaskiyar da aka faɗa da wuri za ta iya yi ba.

Sai dai laifin mai rauni ba ya kankare haƙƙinsa. Ana yi masa faɗa ne bayan an kai shi rijiya. Ya kamata kuma a tambaya, me ya sa ya ji tsoron faɗa? In ayari ya saba yi wa mai ɗingishi dariya, in uban gida yakan yanke ladan ɗan alaron da ya ce ya gaji, to, su ne suka koya masa ɓoyewa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Yawancin abin da ke faruwa da azahar a gindin dutse, tun a zango aka shuka shi. Madugun da yakan zaga da dare ya duba ƙafafun mutanensa, ya bar jaki ɗaya ko biyu ba kaya saboda ko-ta-kwana, ya tambayi masu tahowa daga gaba labarin ruwa kafin ya tashi, ya kuma daidaita tafiya da takun wanda ya fi kowa rauni, da wuya ya sami kansa yana zaɓe tsakanin rai da rai.

Tambayar ba ta tsufa ba

Fataucin Gwanja da ƙafa ya wuce, amma ba a daina barin mutane a kan hanya ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, cikin ƙasar Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa kuwa daga yankin Kance na ƙasar Damagaram suka fito. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. A ƙasashen Zamfara da Katsina ma, tun daga shekarun 2010, mutanen ƙauyuka da yawa sun gudu cikin dare da ƙafa saboda 'yan bindiga, ta cikin tuddan nan da fatake suka bi, kowane gida da tsohonsa da jaririnsa da za a yanke shawara a kansu cikin duhu.

Ko wanda bai taɓa fita garinsu ba yana cikin wani ayari. Gida ayari ne, haka ƙungiyar manoma, haka 'yan adashi, haka ajin yaƙi da jahilci. A kowane aji akan sami wanda aka wuce shi tun a baƙaƙe, yana jin kunyar ya ce bai gane ba, har wata rana a ga wurin zamansa ba kowa. Waɗanda suka kai ga karɓar takardar shaida sun san irin wannan mutum, wataƙila ma maƙwabcinsu ne. Abin da za a sauke dominsa ba goro ba ne, sa'a guda ce bayan sallar isha'i.

Saboda haka in rana mai tsanani ta zo, wani ya gaza, aka soma cewa a wuce don jama'a, mai hankali ya dubi abin da har yanzu ake ɗauke da shi. In akwai sauran kaya a bayan jaki, lokacin barin mutum bai yi ba. Mai rauni kuma ya faɗi rauninsa tun ana zango, shugaba ya riƙe wurinsa a baya inda masu jan ƙafa suke. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, ya haɗa shi da abokan tafiya na kirki, amin.